Ƙarfin mota ba ya hana tirela kaɗa wutsiya

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an idar da salla a nan jihar Indiyana ta Amurka, ɗan wani aminina ya ja ni wurin ajiye motoci in sa wa sabuwar a-kori-kurarsa albarka. Babbar mota ce mai dizal, daga rukunin da ake kira 2500, kuma ya saya mata tirelar tafi-da-gidanka mai tsawon ƙafa 30, zai kai iyalinsa yawon buɗe ido yamma. Na duƙa na leƙa bayan motar. Ƙwallon ƙarfe ne kawai a kan miƙaƙƙen sanda, babu sandunan raba nauyi, babu abin hana kaɗawa. Na tambaye shi ina sauran kayan. Ya yi murmushi ya ce, "Haba Kawu, ai wannan na masu ƙananan motoci ne. Wannan ko ji ba za ta yi ba." Gabana ya faɗi, domin kalmomin da na yi shekara uku ina faɗa ke nan, har ranar da hanya ta ƙaryata ni.

Kuskurena ya faro ne daga magana mai gaskiya a cikinta, shi ya sa ya daɗe. A-kori-kura irin F-250 ko Ram 2500 ko Silverado 2500HD ba sa'ar F-150 ba ce. Sifirin ɗin bayanta ya fi tauri, tsakanin aksil ɗin gaba da na baya ya fi tsawo, ga injin dizal mai nauyi zaune a kan tayoyin gaba. Ramin da ake zura sandar ja ma inci 2.5 ne, a wasu Ford ɗin har inci 3, ba inci 2 na ƙananan ba. Littafin F-150 yana cewa in nauyin tirela ya haura fam 5,000, ko nauyin wuyanta, wato nauyin da gabanta ke dannawa a kan ƙwallon ja, ya haura fam 500, sai da ƙugiyar raba nauyi. A manyan kuwa, musamman sababbin fita, lambar da aka buga a jikin ƙarfen ja ta kan ba ka damar ɗaukar nauyin wuya mai yawa da ƙwallo tsura. Na karanta wannan lambar, na ga tirelata ba ta kai ba, na rufe littafin. Har gobe ina cewa ban karya dokar kamfanin mota ba. Sai dai lambar nan amsar tambaya guda ce: ƙarfen zai karye ko ba zai karye ba. Ba ta ce komai kan abin da sitiyari zai yi a hannunka ba.

Ga lissafin da ban yi ba. Ƙwallon ja yana bayan aksil ɗin baya da tazara, don haka duk nauyin da ya danna shi yana ɗaga gaban mota, kamar katakon wasan yara da in gefe ɗaya ya sauka ɗayan ya tashi. Ɗauki tef ka auna. In daga aksil zuwa aksil inci 160 ne, daga aksil ɗin baya zuwa ƙwallo kuma inci 60, nauyin wuya fam 1,000 zai zare fam 375 daga tayoyin gaba, ya jibga fam 1,375 a na baya. Tayoyin gaban nan su ke juya mota, su ke yin mafi yawan aikin birki. Motar dizal tana ɓoye wannan rashin, saboda injin na danne gaba, sitiyari ba ya yin sakayau yadda zai tsorata ka. Da ƙaramar mota ce da tun a kwanar farko ta gargaɗe ni. Babbar ta yi shiru, ni kuma na ɗauki shirunta a matsayin lafiya.

Abin da na lura da shi kawai shi ne bayan mota ya ɗan zauna, fitilu na haska idon masu zuwa da dare har suna yi mini walƙiya. A nan na tafka ɓarnar da ta fi ta farko. Maimakon in sayi ƙugiyar, sai na kwashe janareta da jarkokin ruwa da akwatin kayan aiki na mayar can ƙarshen tirela don wuya ya yi sauƙi. Mota ta miƙe, ido ya gamsu. Ƙa'ida kuwa ita ce nauyin wuya ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela da kayanta, kuma ga irin waɗannan masu dogon bango, 12 zuwa 13 ya fi kwanciyar hankali. Da aka auna tawa daga baya, tirela fam 7,800 ce, wuya fam 650, ko kashi 9 bai kai ba. Ƙari a kan haka, motar doguwa ce, sandata miƙaƙƙiya, don haka hancin tirela a sama yake. Na haɗa abu uku da ke haifar da kaɗawa, ina alfahari da cewa na yi dabara.

A babbar hanyar I-80 ta jihar Wayomin abin ya same ni, tsakanin Larami da Rolins, inda iska ke da ƙarfin da hukuma kan rufe hanyar ga motoci marasa nauyi masu tsayin jiki. Ina kan mil 70 a awa, wata babbar motar dakon kaya ta wuce ni ta hagu. Iskar gabanta ta tura bayan tirelata dama, ta zuƙo shi hagu, sai na ga gefen tirelar gaba ɗaya ya cika madubi, ya ɓace, ya cika ɗaya madubin. Kowace kaɗawa ta fi ta bayanta faɗi. Na taka birkin mota, wanda shi ne abin da ba a yi, domin tirela sai ta ƙara turo mota daga baya. Allah ya kiyaye rai. Muka tsaya a ciyawar gefen hanya, tayar tirela ɗaya ta fita daga rim, ƙarfen wuya ya lanƙwashe, kwanukan ciki duk a ƙasa.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa iska ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Akwai gaskiya a ciki, don irin iskar wurin tana kayar da wanda ya ɗaura komai daidai. Wanda ya sayar mini da tirelar ma cewa ya yi motata ta fi ƙarfinta, kuma nauyin da ya nuna mini a takarda, fam 6,500, na tirela ce wayam, ba ruwa, ba kayan kwana. Galan ɗaya na ruwa fam 8.3 ne, tankin galan 40 ya haura fam 330 ke nan, ga tukwanen gas biyu da batir da ke zaune a kan wuya. A lokacin kuma babu wani babba a kusa da ya taɓa jan irin wannan abu da zan tambaya. Amma sikeli yana nan a tashoshin manyan motoci, kuɗin awonsa bai kai na abincin rana na mutum biyu ba, na wuce shi ya fi a ƙirga. Wannan ba iska ce ta hana ni ba.

Abin da ƙugiyar raba nauyi ke yi ba sihiri ba ne. Kanta na ɗauke da ƙwallon, yawanci mai inci 2 da 5/16, sai sandunan ƙarfe biyu masu tauri da ke fita daga kan su bi gefen wuyan tirela. In aka ɗaga jelarsu aka ɗaure da sarƙa ko aka ɗora a kan maƙalai, sai su murɗa gindin motar kamar mai ɗaga hannun baro, wani nauyi ya koma tayoyin gaba, wani ya koma tayoyin tirela. Raba nauyi daban, hana kaɗawa daban, ko da yake yawancin na yanzu sun haɗa biyun. Ƙugiya samfurin Equal-i-zer na amfani da gogayyar ƙarfe da ƙarfe, Reese na da mai ƙusumbi biyu da ke mayar da tirela tsakiya, Andersen sarƙa ce a madadin sanduna, Hensley da ProPride kuma suna mayar da wurin juyawa kamar yana kusa da aksil ɗin baya, da tsadarsu. A babbar mota, rabin hana kaɗawan nan shi ne ya fi amfani. Sifirin ɗinka na iya ɗaukar nauyin, amma ba ruwansa da bango mai ƙafa 30 da iska ke bugu daga gefe.

Na zauna da niyyar rubuta wa yaron nan shawarwari goma sha, sai na ga ba zai karanta ba. Yaran yanzu bidiyon minti ɗaya ya ishe su zama injiniyoyi, za su kashe dala dubbai a manyan tayoyi da fitilun ado, su tsaya ciniki a kan ƙarfen da zai riƙe matansu da 'ya'yansu a hanya. To ga abin da ya rage.

Je ka sikeli. Irin na kamfanin CAT faranti uku ne, ɗaya na tayoyin gaba, ɗaya na baya, ɗaya na tirela. Loda komai kamar ranar tafiya, da mutane da ruwa da mai. Auna sau uku: mota ita kaɗai, mota da tirela ba sanduna, sannan da sanduna a ɗaure. Nauyin da ya ƙaru a kan aksil biyun mota tsakanin awon farko da na biyu, shi ne nauyin wuyanka na gaskiya. Daga nan ka buɗe ƙofar direba ka karanta takardar da ke manne a ginshiƙi, mai faɗin iyakar mutane da kaya. Nan masu dizal ke shan mamaki, domin injin ya riga ya cinye rabo mai yawa. Na sha ganin 2500 mai ƙofa huɗu da lambarta ba ta wuce fam 2,200 ba. Wuya 1,000, ƙugiyar kanta kusan 100, iyali 600, kayan bodi 400, saura fam 100. Ƙugiya ba ta ƙara wannan lambar ko da fam ɗaya. Jakar iska da ake sa wa sifirin ma ba ta ƙarawa, ɗaga baya kawai take yi, ba ta mayar wa tayoyin gaba abin da aka zare musu.

In tirelarka ta kai ƙafa 25 zuwa sama, sayi ƙugiya mai hana kaɗawa, ko littafin motarka bai wajabta ba. Ban damu da abin da aka ce maka a intanet ba. Wajen ɗaurawa, nemi fili shimfiɗaɗɗe, daidaita tirela ta tsaya sambal, auna tsayin bakin da ke hawa ƙwallo, ka saita ƙwallon daidai da shi ko sama kaɗan. Motarka doguwa ce, kusan tabbas sai ka sayi sanda mai saukowa ƙasa, kuma ka saye ta daidai faɗin raminka. In ka sa hannun riga na rage rami daga 2.5 zuwa 2, ƙarfinka ya koma na abin da ya fi rauni a cikinsu. Auna daga ƙasa zuwa bakin modigad na gaba kafin haɗawa, sake aunawa bayan tirela ta hau, sannan ka ɗaure sanduna har gaban ya dawo kusan rabin abin da ya tashi, ko gwargwadon da littafin motarka ya faɗa. Kada gaba ya sauka ƙasa da tsayinsa na asali. Ana ƙara ƙarfi ta karkatar da kan ƙugiya da wosha, ba ta gajarta sarƙa har ta ƙare ba. Bar aƙalla zobe biyar suna aiki don kwana ta samu wurin juyawa. Notin ƙwallo mai ƙafar inci 1 da kwata yana son ɗauri sama da fam-ƙafa 400, sifana ta gida ba za ta kai ba, kai wa masu injin. Kuma kullum, ɗaurawa ko kwancewa, kulle bakin tirela a ƙwallo ka ɗaga su tare da jak har sanduna su saki. Sandar da aka kwance tana ɗaure tana karya ƙwauri.

Na ce ka saya ko littafi bai ce ba, amma kuma kada ka wuce gona da iri. Sandunan suna da aji, 600, 800, 1,000, 1,200, 1,400. Kada ka ce motarka babba ce ka ɗauki na 1,400 ga wuyan fam 700. Nauyin wuya ake bi, ba girman mota ba. Sifirin mai tauri da sanda mai tauri ba su da inda za su saki bugun rami sai a ƙarfen wuyan tirela, na ga wanda ya tsage a wurin walda saboda haka. Ƙaramar tirela mai ƙafa 18 a bayan 2500 kuwa, in wuyanta ya kai kashi 12, bar ta da ƙwallo tsura. Wasu masu ƙera ƙananan ma sun hana a sa musu sanduna, duba takardarsu. Wato a nan littafi za ka bi. Na san na ce littafi ne ya kwantar mini da hankali har na shiga daji. Duka biyun haka suke, ban iya sasanta maka su ba sai da lambobin sikeli a hannu.

Sauran abin da ke raina gudu ne. Tayoyin tirela da yawa masu alamar ST mil 65 a awa aka yi su domin shi, kai kuwa dizal ɗinka zai kai 80 ba ka ji ba. Tsaya a 60 zuwa 65, ko ana yi maka oda. In ta fara kaɗawa, ɗage ƙafa daga totur, riƙe sitiyari a miƙe, kada ka bi ta da gyara, ka matse maɓallin birkin tirela da hannu, ita kaɗai ta ja baya ta miƙe. Nemi inda maɓallin nan yake tun kana tsaye, ka gwada shi a fili da gudun mil 25 har hannunka ya san wurinsa ba sai ka duba ba.

Na kira mahaifin yaron na ce Asabar da safe ya turo mini shi, tankin ruwa cike, kayan tafiya a ciki, tef da biro a aljihu. Akwai sikeli a tashar manyan motoci minti ashirin daga gidansu. Janaretansa ma na hango ɗaure a bayan tirela, shi za mu fara saukewa.