Ƙofa mai naɗewa ba ta son ƙarfi, ba ta son mai

Saura kwana uku kamun amarya wata Hajiya ta kira ni daga Rijiyar Zaki, murya a sama. Ƙofar da ta raba falonta biyu ta ƙi buɗuwa, ga baƙi suna tafe daga Gumel da Katsina, ga kujerun haya an riga an jibge a tsakar gida. Ƙofa ce mai naɗewa, wadda a bakin aiki muke ce wa foldin, falle huɗu na alminiyam da gilashi. Na isa bayan la'asar ni da yarona, kuma tun kafin in taɓa komai hancina ya ba ni labari.

"Hajiya, wa ya zuba mata man gyaɗa?"

"Wallahi Malam yaran nan ne. Tun watan jiya take ƙara, na ce su ɗan shafa mata. Da fari kuwa har ta yi laushi."

"Ai dole ta yi laushi da fari, ranki ya daɗe."

Na tsuguna na zura yatsa cikin layin ƙasa. Abin da na lakato baƙi ne ƙirin, mai danƙo kamar kwaɓin gini: ƙurar hunturu, yashin shara, zaren kafet, ƙwayar shinkafa, har da dutsen ɗankunne guda. Mai ya haɗa su ya dama, tayoyin ƙofa kuma suka dinga bi ta kai suna daddanne su har suka zama tudu. Da ƙofa ta cije sai samarin gidan suka haɗu su biyu suka tura da kafaɗa, taya ɗaya ta zame daga layi. Hajiya ta riga ta yanke shawarar a cire ƙofar gaba ɗaya a sa labule. Abin da muka yi bai wuce tsohon buroshin haƙori, tsumma da ɗan kalanzir, sai taya ɗaya da muka sauya. Kafin a kira magariba jikarta ƙarama tana buɗe ta da hannu ɗaya.

Ɗan shago gare ni a Gwammaja, ni da yara uku. Da tagogin alminiyam na fara, har yanzu ma su ne cinikin yau da kullum, amma sannu a hankali sai na zama wanda ake nema idan foldin ta yi gardama, don masu haɗa ta da yawa ba sa son komawa gyara. Ni kuwa a gyaran na koyi aikin. Wanda bai taɓa komawa gidan da ya yi wa aiki shekara biyu baya ba, bai san irin aikin da ya yi ba.

Ƙofar da muka saba da ita, ta ƙarfe ko ta katako, a jikin firam take rataye da hinji biyu ko uku, ba ruwanta da ƙasa, ba ruwanta da sama. Mai naɗewa ba haka take ba. Nauyinta a kan tayoyi yake, ko dai tana lilo a layin sama, na ƙasa yana tsare ta kawai kada ta kauce, ko kuma tana tafiya a kan na ƙasa, na sama yana riƙe da kanta. Kuma nauyin ba na wasa ba ne. Gilashi mai kaurin milimita 6 yana da nauyin kilo 15 a kowane murabba'in mita. Falle ɗaya mai tsayin mita 2.1 da faɗin santimita 80, gilashinsa kaɗai ya doshi kilo 25. Falle huɗu, ka ga kusan buhun siminti biyu ke nan, ban da alminiyam ɗin, duk a kan 'yan tayoyin da ba su fi murfin kwalba girma ba. Idan mutum ya fahimci wannan, zai daina tura ta da ƙarfi idan ta cije. Cijewar nan magana take yi, wani abu ne ya tsaya mata a hanya.

A Kano kuwa abin da ke tsaya mata ba ɓoyayye ba ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura ce, ko ka rufe ko'ina sai ta shigo. Matanmu kuma, Allah ya saka musu, shara safe da yamma, kuma duk sharar da ta zo bakin ƙofa rabinta a layin ƙasa take kwana. Don haka abu na farko da nake gaya wa kowace uwargida shi ne a riƙa zaƙulo layin da busasshen buroshi duk mako, wanda ke da injin zuƙe ƙura ya fi. A goge da tsumma mai ɗan damshi, a bar shi ya bushe. Shi ke nan.

Maganar mai ce na fi shan wahala a kanta, don mutanenmu sun yi imani duk abin da ke ƙara mai yake nema. Na ga man gyaɗa, na ga baƙin mai na janareto, na ga giris, na ga basilin. Duk gyaran gangar Auzinawa ne. Tayoyin nan yawanci roba ce mai tauri da boris a ciki, birgima suke yi, ba sulɓi ba, layinsu a bushe yake son zama. Idan lallai sai an sa wani abu, akwai feshin silikon da ake samu wajen masu kayan mota, yana bushewa bai kama ƙura, a fesa kaɗan a hinji da cikin boris, a goge ragowar. WD-40 da kowa ya sani yana da amfani wajen sassauta abin da tsatsa ta ci da wanke tsohon datti, amma ba a barin sa a layi. Inda ba ko ɗaya, gutsuren kyandir ya wadatar, a goga a gefen da ke gugar juna. Makulli kuma da ke cijewa, a kankare bakin fensir a hura garin a ramin.

Matsala ta biyu ita ce ƙofa ta sunkuya. Za ka ga fallen ƙarshe yana jan tayil, ko sakatar ba ta shiga raminta sai an ɗaga ƙofar da gwiwa. A nan kafin a kira ni akwai abin da maigida zai iya yi da kansa: ya rufe ƙofar, ya ja baya ya dubi tazarar da ke sama da ta ƙasa. Idan ta fi faɗi a gefe ɗaya, to ko sukurorin hinji sun saki, ko tayar ta sauka. A fara da ɗaure sukurori da sukundireba, da hannu, ba da inji ba, don alminiyam yana da laushi, da ka matsa ya wuce kima zaren ramin ya tafi. Yawancin tayoyin kuma suna da wajen ɗagawa da saukewa, da makullin alan ko ƙaramin sifana. Rabin juyi, a gwada ƙofa, a ƙara rabin juyi. Mai gaggawa shi ke juya sau biyar a lokaci guda, ya gyara ƙasa ya ɓata sama.

Akwai kuma sunkuyon da ba na taya ba ne, kuma nan ne ake gane wanda ya iya aikin. Fallen alminiyam shi kaɗai ba shi da ƙarfin riƙe kusurwarsa, gilashin ne ke riƙe shi, idan an tokare shi daidai. Ana cusa 'yan tokare na roba a kusurwar ƙasa ta gefen hinji, da kusurwar sama ta ɗaya gefen, yadda gilashin zai zama kamar sandar da kafinta ke gicciyawa a bayan ƙyauren katako. Da yawa a garin nan sai su zura gilashi su bi shi da roba su tafi. Wata shida, falle ya karkace, maigida ya ce kayan ne jabu. Wannan kam ba aikin maigida ba ne, kada ya gwada, musamman idan gilashin gasasshe ne, irin wanda ba ya yankuwa bayan an gasa shi, kuma da an bugi gefensa sai ya tarwatse kamar tsakuwa.

Ni ma na taɓa yin nawa kuskuren, kuma ban manta ba don daga aljihuna na biya. Wani sabon gida ne a Hotoro. Na auna faɗin ƙofa da tsayinta a wuri ɗaya kawai, a gefe, na koma shago na yanka kaya. Ashe lintar ta ɗan yi ciki a tsakiya, katakon da aka tokare ta da shi lokacin zuba kankare ya saki. Bambancin bai kai kaurin yatsa ba, amma da muka ɗaure layin sama a jikinta sai layin ya bi cikin, ƙofa ta riƙa tafiya lafiya daga gefe, tana zuwa tsakiya ta tsaya cak. Maigidan, dattijo mai haƙuri, ya dube ni ya ce, "Malam, ni dai ƙofa na saya, ba rabin ƙofa ba." Sai da muka sauke komai, muka rage tsayin fallayen, muka sayi sabon gilashi biyu. Tun daga ranar awo uku nake yi a tsaye, uku a kwance, in ɗora filam, wato ma'aunin da ke nuna ko wuri ya karkace, a linta da daɓe, kuma ba na yanka sai mai tayil ya gama nasa. Don wannan ma wata fitina ce: a sa ƙofa, daga baya mai tayil ya zo ya ɗaga ƙasa da yatsa guda, ya cika layin da siminti.

Na katako, irin na wardirob da kabad ɗin kicin, halinsu daban, da yanayi suke tafiya. Damina ta yi nisa, wajen Agusta, katako ya sha danshi ya kumbura, ƙofa ta matse. Hunturu ya zo ya tsotse shi, ta saki har tana buɗe kanta. Kuskuren da ake yi shi ne a kira kafinta a watan Agusta ya fere gefen sosai, Janairu na zuwa ka ga tazarar da ɓera zai wuce. A ɗan bi wurin da ke guga da samfefa, a shafe shi da fenti ko banish don kada ya ƙara shan ruwa, a jira rani. Su waɗannan a kan 'yan ƙusoshi biyu suke juyawa, na sama mai sifirin ne, ana danna shi ƙasa a cire fallen, na ƙasa kuma yana zaune a kan wani ɗan ƙarfe mai haƙora, a ɗaga ƙofa a matsar da shi haƙori ɗaya, ko a juya shi ya ɗaga ta. Ramin sukuru da ya buɗe, a cusa tsinken ashana uku da farin gam, a bari ya kwana, a mayar da sukurun. Dabarar tsofaffin kafintoci ce kuma har gobe tana ci. Abin da ba ya gyaruwa shi ne allon garin katako da ake ce wa MDF idan ruwan mopa ya shige shi ta ƙasa. Ya kumbura ya kumbura ke nan, sai sauyi. Shi ya sa idan aiki na kusa da ruwa ne nake tura mutum 'yan katako na Na'ibawa ko Rijiyar Lemo ya nemo busasshen katako na gaske.

Ta roba kuwa, mai lanƙwashewa kamar mafici, wadda ake sa wa banɗaki, ba ta da dogon labari. 'Yan maƙalan da ke riƙe ta a sama su ke karyewa, a kwance layin, a zare, a sa wasu. Idan rana ta gasa ta har ta fara tsagewa, kada a ɓata kuɗin gyara.

Wajen kayan gyara, Ƙofar Ruwa da France Road a Sabon Gari nake zagawa, kuma kullum da tsohuwar tayar a aljihuna. Tayoyin nan kala-kala ne, milimita biyu ta raba wadda za ta hau da wadda ba za ta hau ba, hoto a waya ba ya nuna wannan. Idan mai shago ya ajiye min iri biyu, mai boris nake ɗauka ko da ta ninka kuɗi, don araha ba ta ado, kuma ni za a sake kira.

Wani lokacin ma cinikin nake korewa da bakina. Mutum ya zo da hoton wani gida na Dubai, yana son foldin a ƙofar da ke kallon gabas, babu rumfa, babu baranda. Hadarin Kano daga gabas yake tasowa, da iska da ƙura kafin ruwa. Layin ƙasa yana da 'yan ramukan da ruwa ke fita, ƙura ta toshe su, ruwa ya cika layi ya gangaro kan kafet. Nakan ce, "Alhaji, ko dai a yi mata rumfa, ko a mayar da ita ciki tsakanin falo da wajen cin abinci, nan ne gidanta." Wasu su ji, wasu su tafi wajen wanda zai ce musu to.

Ita kuwa Hajiyar Rijiyar Zaki, bayan biki da mako biyu ta aiko direba da ledar alkaki da dubulan, da saƙon cewa ƙofar kicin ma ta fara ƙara, amma ta hana kowa taɓa ta. Na tura yarona da buroshi da gwangwanin silikon. Da ya dawo na tambaye shi me ya samu a layin, ya ce cokalin shayi.