Gwangwanin kifi da tsirkiya ɗaya

Asabar, bayan sallar isha'i.

Har yanzu yatsana yana zogi inda bakin gwangwani ya yanke ni da safe, amma ba zan kwanta ba sai na rubuta yadda yinin nan ya kasance, tun abin yana da ɗuminsa.

Da burodi da kifin gwangwani muka karya. Hazo ya rufe gari tun asuba, sanyi na ratsa ƙashi, kowa ya rungumi kofin shayinsa. Auta ya ɗauki gwangwanin da aka juye zai kai shara, yana tafe yana ƙwanƙwasa shi da cokali, mamansu na cewa ya cika mata kunne. Ni kuwa ƙarar nan ce ta tsayar da ni, domin jiya da yamma na hau Keke daga Kasuwar Barci, mai Keken ya sa Ɗan Maraya Jos, har muka iso ban so sauka ba. Na ce wa auta ya dawo da gwangwanin. Na tambayi yaran su ukun ko sun san da me ake yin kuntigi, abin kiɗan Ɗan Maraya. Babban ya ce itace. Ta tsakiyar ta ce ita ko kamarsa ba ta sani ba. Da na ce musu gwangwanin kifi ne ake rufewa da fatar akuya, a sa masa sanda da tsirkiya guda ɗaya tak, sai suka ɗauka zolayarsu nake. Abin ya taɓa ni ƙwarai. Mutumin da ya shiga ƙasashe da ɗan abin nan a hannu, ya yi wa yaran mota da talakawa da ma'aurata waƙa, bai rasu ba sai a 2015, amma ga 'ya'yana a tsakiyar Kaduna ba su san abin da yake kaɗawa ba. Ni ne ban taɓa zaunar da su na nuna musu ba.

Nan take muka shiga neman kaya. Akwai sandar mofa da ta karye tun watan jiya, akwai tsohon keken babban da ke jingine a bayan ɗaki, muka zare wayar birkinsa. Wajen ɓamɓare ragowar murfin ne gwangwanin ya yanke ni. Mamansu ta ɗaure mini yatsan, ta ce, "Malam, in dai da gaske kake, ka kai wa masu aikin su gyara maka bakin, kafin ya yanki yaro." Gaskiyarta. Na ɗauki auta muka nufi Panteka.

Duk wanda ya san Panteka ya san kunne ke fara isa kafin ido. Guduma a nan, zarto a can, walda na tartsatsi, ana narka gwangwanayen lemo ana zuba tukwane. Wuri ne da ba a san kalmar "ya mutu" ba. Abin da ka jefar jiya, yau za ka gan shi ya zama murhu ko mazurari ko akwati. Muka tsaya wurin wani dattijo mai ƙera ludayi da fitilar aci-bal-bal.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, sannu Malam. Me za a yi?"

Na miƙa masa gwangwanin da sandar. Ya juya shi, ya kai kusa da kunne, ya ɗan ƙyasta shi da farce. Ban ce masa komai ba ya ce, "Kuntigi za ka yi." Auta ya dube ni ya buɗe baki. Dattijon ya ce wannan ya yi ƙanƙanta, muryarsa za ta fito siririya kamar ta sauro. Ya tona wani tarin gwangwanaye a bayansa, ya zaro wani mai faɗi, mai siffar ƙwai, ya ce irin wannan ne asali. Ya ɗora shi a kan guntun ƙarfen dogo, ya bi bakin da ƙaramar guduma a hankali, tak-tak-tak, har ya kwanta lumui, ya shafa da babban yatsa don in gani. Sannan ya huda inda sanda za ta shiga. Da ya ga wayar birkin sai ya girgiza kai, ya ce ta yi kauri, a warware ta a ɗauki sili ɗaya. Ya warware da kansa, silin ya fito a murɗe, ya ja shi a jikin ƙarfe sau uku ya miƙe.

Sauran fata. Na ce masa ina da guntun fata na tsohuwar jaka. Ya ce fatar da aka jeme ba ta magana, ta yi laushi; sai ɗanya wadda za a jiƙa a ɗaure, ta bushe ta ɗame. Tunda ba ni da ita, ya ba ni wata dabara da ban taɓa ji ba: in yanka robar lemo, in shimfiɗa a bakin gwangwanin in ɗaure da waya, in gifta ta a saman garwashi, za ta tsuke da kanta ta yi tauri kamar tantanin ganga. "Amma kada ka kusanta ta da wuta, ɗana, narkewa za ta yi." Na fito da kuɗi ya ƙi karɓa, ya ce in saya wa yaron alewa. Ya ce suna yara a ƙauyensu da gwangwanin madara da karan dawa suke yin nasu, kuma rabon da wani ya kawo masa irin wannan aiki ya manta. Na ji daɗin mutumin nan har cikin raina.

Robar farko ta ƙone, ta yi rami a tsakiya. Ta biyu kuwa muna kallo ta riƙa tattarewa, yamutsin na ɓacewa, har ta yi sumul. Babban ya ƙyasta ta, ta ce "tam". Muka zura sanda, muka ɗaure silin waya daga gindi zuwa wuya, muka sa ɗan guntun kara a kan robar don tsirkiyar ta hau. Kaɗawar farko ba ta yi daɗi ba ko kaɗan, wani zizza kawai take yi. Nan fa aka shiga gwaji. Muka ƙara ɗame wayar, murya ta hau. Muka matsar da karan baya kaɗan, zizzar ta ragu. Da na tuna kuntigi da gurmi duk suna da ɗan rami a fatarsu, sai na ɗumama ƙusa na huda robar a gefe. Wallahi kamar an buɗe wa abin baki. Sauti ya fito sarai, ɗan ƙarami amma mai kaifi, har ta tsakiyar ta yi tsalle. Babban ne ya gano da kansa cewa in ya danne wayar da yatsa kusa da gwangwani, murya na ƙara hawa, in ya koma baya tana sauka. Ya ce ashe abin da aka koya musu a aji ke nan, cewa gajeriyar tsirkiya ta fi saurin karkarwa. Ya fi minti talatin yana neman sauti huɗu, da ya same su bai yarda ya ba kowa ba.

Bayan azahar Hajiya mahaifiyata ta fito daga ɗakinta shan hantsin da hazo ya hana da safe. Ta tsaya da carbinta, ta dube mu.

"Kai, me nake ji haka? Gidan nan dai ba gidan maroƙa ba ne."

Maganar nan na san ta tun ina yaro. Ita ce marigayi Baba ya faɗa ranar da ya same ni ina kiɗa da bokitin wanka, ina aji uku na firamare, kuma daga ranar ban sake ba. Na ce, "Hajiya, yara nake nuna wa yadda ake yi, ba wani abu ba." Ba ta amsa ba. Ta zauna a kan tabarma ta juya mana gefe.

Ta tsakiyar kuwa ta gaji da jiran kuntigin, ta cika baho da ruwa, ta kifa robar cin abinci a kai tana bugu da ludayi, wai ta taɓa gani a gidan biki. Ƙarar ba ta da rai, ɓaf-ɓaf kawai. Ina lura da Hajiya, carbin ya tsaya a hannunta. Can ta kasa daurewa.

"Ke 'yar nan, ba haka ake yi ba. Roba ba ta kiɗa. Jeki ɗakina ki ɗauko mini ƙwaryar furar nan, babbar."

Ta ja bahon gabanta, ta kifa ƙwaryar a kan ruwan, ta ɗan ɗaga gefe ɗaya iska ta fita, ta buga, ta saurara, ta sake ɗagawa. Ta ce iskar da ke ciki ita ce muryar. In ta yi yawa ƙwarya ta yi ta rawa a kan ruwa, in ta yi kaɗan ta nutse ta yi shiru. Da ta sami inda take so, sai ta sa aka kawo ƙaramar ƙwarya aka kifa a ƙasa, ta karɓi tsinken tsintsiyar kwakwa masu kauri guda biyu. Abin da ya biyo baya ban taɓa gani ba a shekaruna duka. Hannun da na sani da tuƙin tuwo da jan carbi, yau shi ne ke yawo tsakanin ƙwarya biyu, ɗaya na gurnani daga cikin ruwa, ɗaya na amsawa da kaifi. Mamansu ta fito daga kicin da muciya a hannu ta tsaya. Auta ya zauna daɓas a ƙasa. Ni kuma wani abu ya tokare mini wuya.

Ta yi kamar minti biyar ta ajiye, tana haki tana dariya, tana rufe baki da gefen mayafi. Ta ce suna 'yan mata babu bikin da ake yi a unguwarsu ba ita ke riƙe da ƙwarya ba, kuma shantu ma ba a fi ta ba. Yaran ba su san shantu ba. Ta kwatanta musu: dogon duma ne mai rami, buɗe ta kai da gindi, ana buga gindin a cinya ana toshe bakin da tafin hannu. Babban ya ruga ya ɗauko guntun bututun ruwa da mai gyaran famfo ya bari, tsawonsa kamar kamu ɗaya da rabi. Ta karɓa tana cewa wannan ai wasa ne, ta buga a cinya, ya ce "bum". Ta yi shiru, ta sake bugawa. Ta ce ya yi nauyi kuma ba shi da zaƙin duma, amma zai koya wa yarinya hannu.

Da magariba aka ɗauke wuta, sai muka zauna a tsakar gida da 'yar fitila, na ce kowa ya kawo waƙar da ya fi so a saurara, ba mai katse wani. Babban ya sa wata ta zamani daga wayarsa, irin ta situdiyo, kuma gaskiya yaron da ya yi ta yana da murya, baitukansa ma a tsare suke. Ta tsakiyar ta nuna mana bidiyon mutanen Tirinidad da ke kiɗa da gangar mai, an bubbuge gindinta ya lotsa, kowane gurbi da sautinsa, har ya zama kayan kiɗan ƙasarsu. Auta ya ce to ai su ma 'yan Panteka ne. Ni na sa Shata. Na roƙe su kada su bi waƙar tukuna, su bi kalangun: yadda makaɗin ke matse igiyoyin a hammata murya ta hau, ya saki ta sauka, har ganga ta riƙa bin hawa da saukar maganar Hausa. Wannan ne abin da nake nema a kiɗan kwamfuta ban samu ba. Bugunta daidai yake daga farko har ƙarshe, ba ya jiran mawaƙi ya ja numfashi, ba ya zuga shi.

Da aka zo kan Hajiya, ta ce a sa mata Barmani Coge. Na samo a memorina na sa. Ta rufe ido, yatsunta na bugun gwiwa. Da ta ƙare ta tambaye ni yaushe ma matar nan ta rasu, na ce 2013, Shata kuma 1999. Ta yi musu addu'a su duka. Daga nan ta ba mu labarin da ban taɓa ji ba: wai kafin aurensu Baba ya taɓa aika kati shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna aka gaishe ta, ƙawayenta suka yi mako suna tsokanarta. Kuma duk faɗansa a kan bokiti, in aka sa Shata a rediyo ba mai motsi a gidan sai an gama.

Na daɗe ina juya wannan a raina tun da aka tashi. Muna son kiɗan nan har zuci, da shi muke aure da suna, da shi manoma da 'yan dambe da sarakuna ke jin kansu, amma ba ma son a ga ƙwarya ko kalangu a hannun ɗanmu. Na fahimci tsoron iyayenmu, suna gudun yaro ya bar karatu ya bi roƙo. Sai dai tsoron nan ya sa mahaifiyata ta ɓoye hannunta fiye da shekara arba'in a gidan da nake ciki, kuma da auta bai ƙwanƙwasa gwangwani da cokali ba, da wataƙila har abada ba zan sani ba. Wannan ya yi mini ciwo, kuma ba na so nawa 'ya'yan su tashi haka.

Kuntigin yana rataye a ƙusa a bakin ƙofa, wayar ta ɗan saki saboda sanyi, sai an sake ɗame ta da safe. Babban ya ce ranar Litinin in ya taso makaranta zai tambayi mahauta ko za a sami ɗanyar fatar akuya. Ɗazu da na je yi wa Hajiya sai da safe, har na juya ta kira ni, ta ce in na shiga kasuwa in duba wurin masu ƙorai ko ana samun shantu na gaske, mai ɗan tsawo, kada in sayo mai tsaga.