Ranar da Na Ajiye Hoton Gidan da Ke Wayata

Asabar, Kano. Yau da hantsi na je ofishin mai zanen gine-gine domin mu kammala magana a kan gidan da nake son ginawa a fulotina na bayan gari. Na tafi da hoton da na daɗe ina adana shi a waya: gida mai dogon rufin kwano, da manyan tagogin gilashi, da ginshiƙai biyu a ƙofa, irin waɗanda suka cika sababbin unguwanninmu. Da ya duba, sai ya ce, "Malam, ka taɓa wuni a irin wannan gida a watan Afrilu, ranar da babu wuta?" Na taɓa, kuma ban manta yadda bangon bulon siminti yake riƙe zafi ba idan rana ta haura digiri 40, har barci ya gagari kowa sai an tada janareta.

Daga nan ya buɗe kwamfutarsa ya nuna mini gidajen da ake kira Niamey 2000 a birnin Yamai, waɗanda aka kammala a 2016, kuma Mariam Issoufou Kamara, 'yar Nijar, tana cikin waɗanda suka zana su. Gidaje shida ne masu bene, an gina su da bulon jar ƙasa wanda inji yake matsewa, kowanne da filinsa na shan iska wanda idon maƙwabci ba ya kaiwa. Na daɗe ina kallon hotunan, domin gini ne na zamani sosai, layukansa a miƙe, babu tarkacen ado, amma duk wanda ya tashi a gidan ƙasa zai ji kamar ya san wurin. Ya bayyana mini cewa bangon ƙasa mai kauri yana jinkirta shigar zafi, ta yadda ɗaki zai wuni da sanyi, sai dare ya yi sannan bangon ya saki abin da ya sha, lokacin da aka buɗe tagogi iska tana ratsawa. Ya kuma nuna mini makarantar da mai zanen gine-gine Francis Kéré ya gina a ƙauyensu Gando na Burkina Faso a 2001, inda aka ɗaga rufin kwano sama da silin domin iska ta riƙa wucewa tsakaninsu. Kéré ne ya karɓi kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine ta duniya, a 2022.

Ban ɓoye masa abin da ke raina ba. Tsorona biyu ne: damina, da bakin mutane, waɗanda za su ce wane ya yi shekaru yana tara kuɗi, ya ƙare da gidan ƙasa. Game da damina ya ba ni amsa mai gamsarwa, cewa ana gauraya ƙasar da siminti kaɗan kafin a matse ta, a ɗaga harsashi da kankare, a kuma fito da bakin rufi ya kare bango daga feshin ruwa. Game da bakin mutane kuwa, ya ce wannan ba aikin mai zane ba ne, kuma na ga gaskiyarsa.

Bayan la'asar na ɗauki tsohon maginin da ya yi wa mahaifinmu aiki muka je fulotin. Na zaci zai raina maganar, amma da na nuna masa hotunan sai ya tsuguna ya debi ƙasar wurin, ya jiƙa ta, ya murza a tafin hannunsa. Ya ce, "Ɗana, ai mu da tubali muka fara, da azara muke rufi, da makuba muke shafe bango. Abin da ya kore mu shi ne yaɓe duk shekara, idan kuwa injin nan ya raba mutum da wannan wahala, to, an gama magana." Na ce, "Baba, ƙasar nan za ta yi?" Ya ce yashinta ya yi yawa, sai an kawo jar ƙasa daga wani wuri, kuma kada in yarda a buga bulo ko ɗaya kafin a gwada ta. Ya tsaya ya dubi inda rana ke faɗuwa, ya ce kada a sa babbar taga a bangon yamma, wanda shi ne daidai abin da mai zanen ya faɗa mini da safe.

Da dare na zauna da uwargida muka shimfiɗa takardar zanen. Ita ba launin bulo ne ya dame ta ba. Abin da ta nema shi ne tsakar gida mai faɗin da za a yi shanya, a girka tukunyar biki, yara su yi wasa, sannan zaure na gaske inda baƙona zai tsaya ba tare da ya ratsa falonta ba. A hoton da nake ɗauke da shi babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma abin ya dame ni ƙwarai da na lura cewa shekara biyu ina kallonsa ban taɓa ganin haka ba. Mun rage falon, mun mayar da ɗakunan kwana su fuskanci tsakar gida, ta kuma sa alama da biro a inda take son a dasa darbejiya. Na aika wa mai zanen saƙo cewa ranar Litinin zan kawo masa takardar, tare da buhu guda na jar ƙasar da Baba zai zaɓo domin a gwada.