Kan albasa ba shi da kulorofilas, amma ɗalibaina sun zana shi

Har yanzu abin yana cina. Na kai 'yan SS1 ɗakin gwaji a makarantarmu da ke Gombe, muka ɓare siririn tantanin albasa, muka ɗiga aidin, kowa ya leƙa madubin likita. Komai ya fito ras: ƙwayoyin halitta a jere kamar tubalan gini, kowace da bangonta, nukiliyas, wato cibiyar ƙwayar, ya yi duhu. Da na karɓi littattafan zane, sai ga kusan kowa ya cika ƙwayar albasar da ɗige-ɗigen kulorofilas, wato koren abin nan da ke cikin ƙwayar ganye.

Na ce wa wata yarinya, "Ke, a ina kika ga wannan?" Ta ce, "Malam, ai haka yake a littafi, ƙwayar tsiro tana da shi."

Aikin kulorofilas shi ne kama hasken rana don haɗa abinci. Kan albasa kuwa ajiyar abinci yake yi, a cikin ƙasa, inda rana ba ta kaiwa. Koren ganyen sama ne ke da shi. Yaran sun leƙa da idonsu, amma hannunsu ya kwafo hoton da suka haddace, kuma irin wannan ne ke zubar musu da maki a gwajin WAEC da NECO.

Da muka koma, na ɗebo gansakuka mai santsi daga kududdufi, muka ajiye ta kusa da albasar. Nan suka ga kulorofilas na gaske, kore shar, a nannaɗe cikin ƙwayar. Ajin ya kaure da surutu, ni kuwa daɗi ya kama ni.

Sauran bai ba mu wahala ba. Ƙwayar cikin kumatun mutum ba ta da bango, shi ya sa ba ta da tsayayyar siffa. Jar albasa da muka ɗiga wa ruwan gishiri kuma ta nuna musu tantanin da ke tace shige da fice: ruwa ya fita daga babbar jakar ruwan ƙwayar, launin ya tattare, tantanin ya janye daga bango.

Abokan aiki, kada ku fara darasin nan da albasa kaɗai, ku haɗa da wani abu kore. Ku sa a rufe littafi kafin a ɗauki fensir. Maitokondiriya mai samar wa ƙwaya kuzari ma ba ya fitowa a irin wannan gwaji da madubinmu, don haka na gaya musu duk wanda ya zana min shi zai sake aikin daga farko.