Asabar a Cikin Molli

Sanyi ya ɗan sassauta yau, shi ya sa da hantsi na bar Rostock zuwa Bad Doberan, nan arewacin Jamus, don in hau Molli, jirgin ƙasa mai cin kwal da ke kai masu yawon buɗe ido bakin tekun Baltik.

Tashinmu daga tasha ke da wuya sai jirgin ya kutsa tsakiyar gari, a kan titi sosai, yana kaɗa ƙararrawa, yana jan jiki kamar ba ya so. Shaguna dama da hagu, masu shan kofi zaune a bakin hanya, hayaƙi na wucewa ta kansu, ko ɗaga kai ba sa yi. Ni kam ina barandar tarago ina ta ɗaukar hoto, baki buɗe.

Tun asali don 'yan shaƙatawa aka shimfiɗa layin. A 1793 sarkin Mecklenburg, Friedrich Franz na Ɗaya, ya kafa Heiligendamm, wurin wankan teku na farko a Jamus. Manya su sauka a Doberan, sai a kai su bakin ruwa a keken doki, har zuwa 1886 da jirgi ya karɓi aikin. A 1910 aka ja layin zuwa Arendsee, wanda a 1938 aka haɗe shi da maƙwabtansa aka sami garin Kühlungsborn. Duka tafiyar kilomita 15 ce da ɗoriya, cikin kusan minti 40, a kan siririn dogo mai faɗin milimita 900.

A Heiligendamm na sauka na ɗan zaga. Fararen gine-gine ne reras suna fuskantar teku, wurin masu hannu da shuni, ba wurin ɗalibi ba. A nan aka yi taron G8, na shugabannin ƙasashe takwas masu ƙarfin tattalin arziki, a watan Yunin 2007, kuma marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya halarta, kwanaki kaɗan bayan an rantsar da shi. Molli ne ma ya riƙa jigilar 'yan jarida daga Kühlungsborn. Na tura wa Baba hoton wurin, ya amsa da addu'a ga mamacin, sannan ya tambaya ko na sa rigar sanyi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai yana ɗan gidan tarihin da ke tashar Kühlungsborn ta Yamma. Uku daga cikin kawunan jirgin ƙirar 1932 ne, na kamfanin Orenstein & Koppel, kuma har yau su ke jan taragai. Da aiki ya yi musu yawa, ba a ce zamani ya wuce tururi ba. A 2009 aka ƙera sabo fil a masana'antar Meiningen, bisa tsarin tsofaffin. Wannan ba riƙon kayan tarihi ba ne kawai, riƙon sana'a ne: sai da mai zuba kwal, da maƙeri, da wanda zai koya wa na baya. Jirgin na tafiya rani da hunturu, 'yan gari ma na shiga da jakunkunan cefanensu.

Tekun dai na tsoma yatsa na janye, Allah Ya ba masu iyo haƙuri. Na ci burodi da kyafaffen kifi a tsaye, na yi La'asar a gefen dajin da ke bayan gaɓa, na bi jirgin yamma na koma. Farar rigata duk ɗigon baƙin kwal, gobe sai wanki.