Mako na uku da MiG-15UTI: tankunan da na so in bari

Jama'a, barkanmu da warhaka. Yau mako uku ke nan da na buɗe kwalin ɗan ƙaramin samfurin haɗawa na MiG-15UTI, jirgin koyon tuƙin jiragen yaƙi na Tarayyar Sobiyet, mai ma'aunin 1/72 (wato an rage girmansa sau 72), kuma sai jiya ya tsaya da ƙafafunsa. Duka-duka faɗin fukafukansa santimita 14 ne, amma ya ba ni ruwa.

Duk wanda zai haɗa irinsa, ya sa dalma a gaba tun kafin ya manne ɓarin jikin biyu. Ni ban sa ba. Ina ajiye shi a tebur sai ya zauna daram a kan wutsiya, hanci sama, kamar ɗan akuya ya hango dusa. Ga shi bakin jirgin a buɗe yake, ta nan injin ke shaƙar iska, ba inda za ka ɓoye nauyi. Sai da na farke mannin da reza, na daddatse dalmar kamun kifi na cusa a ƙarƙashin kujerar gaba. Gilashin saman kuwa, kada ku kusance shi da sufa gulu, tururinsa kan mai da shi fari fat. Farin gam na kafintoci ya isa.

Wanda nake kwaikwayo shi ne mai lamba 18, jirgin da Yuri Gagarin ya mutu a ciki ranar 27 ga Maris 1968, yana da shekara 34. Mutumin da ya riga kowa zuwa sararin samaniya a 1961, sai ga shi ajalinsa a jirgin koyo. Ya daɗe bai yi tuƙi sosai ba, ana sake horar da shi ne don ya koma tashi shi kaɗai. Shi yana kujerar gaba, malaminsa Kanal Vladimir Seryogin yana baya. Sun tashi daga sansanin Chkalovsky kusa da Mosko da hantsi, cikin gajimare. Ba a jima ba Gagarin ya faɗa ta rediyo cewa sun gama, za su juyo. Daga nan shiru. A daji kusa da garin Kirzhach aka tsinci tarkacen, kuma babu wanda ya cillo kansa da kujera. Takardun da Rasha ta fitar a 2011 sun ce mai yiwuwa sun yi kaucewar gaggawa ne don kada su yi karo da balan-balan ɗin auna yanayi, jirgin ya juye ya kama wulwulawa. Abokinsa, ɗan sama-jannati Alexei Leonov, kuwa ya dage cewa wani jirgin yaƙi ƙirar Su-15 ne ya gifta dab da su.

Abin da ya tsayar da ni shi ne tankunan mai na ƙarƙashin fukafukai. Wallahi munana ne, kamar an rataya wa jirgin goruna biyu, har na mai da su kwali. Amma a ranar haɗarin, jirgi mai lamba 18 yana ɗauke da su, kowanne lita 260, kuma suna cikin abin da ake cewa ya sa daidaita shi ya yi wuya bayan ya juye. In na bar su, jirgi mai kyau na yi, ba na Gagarin ba. Na ɗauko na manna. Na hagun ya ɗan karkace, sai na gyara.

Af, irin wannan jirgin ya taɓa sauka a gida: a 1967, farkon yaƙin basasa, Tarayyar Sobiyet ta kawo wa Najeriya MiG-17 da MiG-15UTI ta filin jirgin saman Kano. In na samu wani kwalin, da kore-fari-kore zan yi shi.

Saura fenti. Ruwan azurfa ne, ba ya rufa asirin ko ƙanƙanin karce, ga ƙurar hunturun nan tana shigowa ta ko'ina. Zan fesa da asuba in kife masa roba. Jama'a, wanda ya taɓa yin azurfa a cikinku, baƙi ya fara shimfiɗawa a ƙasa ko toka-toka?