Ƙwallon dabino goma

Da aka ɗora mini bin masu ciwon suga a wani ɗakin shan magani da ke Birni, a nan Damagaram, na ɗauka na'urar huda yatsa ta ishe ni. Ɗigon jini ɗaya, lamba ta fito. In ba ta haura giram 1,30 a lita ba kafin mutum ya karya, sai in rubuta "lafiya lau", in kira na gaba.

Wani dattijo baduku ne ya nuna mini iyakata. Kullum lambarsa tsaf. Ashe kwana biyu kafin ranar awo yake ƙaurace wa fura da shayi, uwargidansa ce ta tona. Da aka yi masa awon HbA1c, mai nuna yadda sugan jini ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, sai ga shi ya haura 9 cikin 100, alhali ƙasa da 7 ake so ga yawancin manya. Wannan awon ba a yi masa wayo, domin suga na manne wa jajayen ƙwayoyin jini ne, su kuwa sukan yi kusan kwana 120 a jiki. Tsada dai gare shi, kuma a jikin mai sikila yakan karkace.

Inda na fi shan wuya shi ne takardar EQ-5D, mai auna yadda mutum ke jin rayuwarsa. Abu biyar take tambaya: tafiya, wanka da sa tufafi, aikin yau da kullum, ciwo, damuwa. Sannan a ce mutum ya ba lafiyarsa maki daga 0 zuwa 100. To, wa zai dubi sa'ar ɗiyar cikinsa ya ce yana cikin damuwa? Amsa ɗaya ce: "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ban ga laifinsu ba, haka aka rene mu.

Sai na sauya salo. Na zube wa dattijon nan baduku ƙwallon dabino goma a kan tebur.

"Baba, goman nan ƙarfinka ne na da. Nawa suka rage?"

Ya jima yana kallo, ya ja huɗu gabansa.

"Yaushe rabonka da Juma'a a masallacin fada?"

"Ɗiyata, tun kafin azumi. Ƙafar nan ji nake kamar bisa auduga nake takawa. Dare kuma tashi biyar, fitsari."

Na sa ya tuɓe takalmi, na dangwala masa zaren gwada jin taɓi, mai dannawa da ƙarfin giram 10, a tafin ƙafa. Wuri uku bai ji komai ba. Ga kuma tsaga a dunduniya, shi bai ma san da ita ba, wata shida ina rubuta masa "lafiya lau".

Na dai san dabino ba ya cikin ƙa'idar takardar, don haka gefe nake rubuta shi a rajista, tare da barci da zuwa masallaci. Likita ya sauya wa Baba magani. Da ya dawo bayan wata uku, ƙwallo shida ya ja, yana sanye da rufaffen takalmin fata mai taushi da ya ɗinka wa kansa.